Kara Ɗaya: Tarihin Yadda Taba Da Ƙwaya Suka Sauko Hannun Yara



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san cewa idan marubuci yana son nuna mana lalataccen saurayi ba ya shan wahala. Sai kawai ya saƙala masa karan sigari a baki, ya ce leɓensa ya yi baƙi ƙirin, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Shi ke nan, mai karatu ya gama sanin cewa ba wannan ne zai auri yarinyar ba. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: yana ɗan shekara nawa ya fara, wa ya sayar masa, kuma nawa ya biya? Waɗannan tambayoyi su na ɗauko na bi cikin tarihi, kuma abin da na fahimta shi ne, taba da abubuwan wartsake gajiya sun daɗe a ƙasar Hausa ƙwarai, amma saukowarsu hannun yaro ɗan shekara 13 ko 14 sabon abu ne, kuma kasuwa ce ta sauko da su kafin tarbiyya ta farga.

Bari mu fara da goro, don shi ne babban wansu. Mutane ba sa son a haɗa goro da kayan sa kuzari, amma sinadarin da ke hana barci a cikin kofi, wato kafeyin, shi ne dai a cikin goro. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyin fatauci tsakanin Barno da Gwanja. Daga nan ayari bayan ayari suka riƙa tafiyar watanni zuwa kasuwanni irin su Salaga a ƙasar Gana ta yau, suna komowa da huhunan goro a kan jakai. Alhaji Alhassan Ɗantata ma da fataucin goro ya kafu kafin ya shiga gyaɗa. Abin da ya sha irin wannan tafiya ba zai yi arha ba. Saboda haka goro ya zama abin girmamawa: na ɗaurin aure, na suna, na gaisuwar surukai, har sunansa ya zama sunan kyauta, ana cewa goron sallah, goron albishir, goron gayyata. Yaro dai sai a aike shi ya sayo. In ya ci sa'a kaka ta ɓantara masa ɗan ɓare, ya tauna ya yamutse fuska don ɗaci.

Taba kuwa baƙuwa ce. Asalinta nahiyar Amurka, kuma sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492 ta ƙetaro teku. Wani jakadan Faransa a Fotugal mai suna Jean Nicot ya aika da ita fadar ƙasarsu wajen 1560 a matsayin magani, kuma daga sunansa aka samo sunan nikotin, sinadarin da ke kama mai shan ta. Kafin ƙarshen wannan ƙarni ta iso Afirka ta Yamma, ta bakin teku da kuma ta Sahara.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne irin hayaniyar da ta tayar tsakanin malamai tun daga isowarta. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda Marokawa suka tafi da shi Marrakesh bayan sun ci Songhai a 1591, ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta ta, a bisa cewa ba ta gusar da hankali kamar giya. A ƙarshen wannan ƙarni kuma wani malamin Bagirmi a ƙasar Chadi ta yau, Muhammad al-Wali, ya rubuta littafi sukutum yana kafa hujjojin haramcinta. Daular Masina ta Shehu Ahmadu, wadda ta kafu wajen 1818, hana ta ta yi ƙememe. A can Istanbul ma Sultan Murad na Huɗu ya sa hukuncin kisa a kan mai shan ta a 1633. Duk da haka taba ba ta je ko'ina ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ƙasar Katsina da Kano a 1851, gonakinta ya tarar. Amma ka lura, ɗan'uwa mai karatu, duk wannan muhawara ta manya ce a kan manya: shin tana sa maye, shin almubazzaranci ce, shin warinta na cutar da masallata. Yara ba su ne abin damuwar ba.

Dalili kuwa a fili yake idan aka dubi yadda kakanninmu suke amfani da ita. Akwai taba gari, wadda ake dakawa da kanwa a zuba a batta, dattijo ya ɗiba ya ajiye a leɓe ko ya shaƙa. Akwai lofe da tukunyar taba, waɗanda sai an zauna an cusa an nemo garwashi. Akwai kuma fure, wato furen taba da mata ke goga wa haƙora tare da goro don su yi ja, ado ne na zamaninsa. Duk waɗannan abubuwa ne na fili, masu kayan aiki, masu ɗaukar lokaci. Yaro ba shi da batta, ba shi da lofe, in kuma ya ɗauki na babansa kowa zai gani. Ga shi hayaƙin lofe kaifi gare shi, yana ƙona maƙogwaro, ba ya zuƙuwa zuwa ƙirji ga wanda bai saba ba. Masu iya magana sun ce taba ta bambanta da garin gero, kuma a wancan zamani ko yaro ya san bambancin tun daga ɗanɗanon farko.

Abubuwa uku ne suka rushe wannan katanga, kuma babu ko ɗaya da aka yi a ƙasar Hausa. Na farko, manoman Amurka sun gano hanyar busar da ganyen taba da zafin wuta a rufaffen ɗaki, wadda ke sa hayaƙin ya yi laushi har a iya jawo shi cikin huhu. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne, domin daga huhu nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Na biyu, ashana. Na uku, injin naɗe sigari da James Bonsack ya ƙera a 1880, wanda shi kaɗai ke yin aikin mutum gommai. Da aka haɗa ukun nan sai aka sami wani abu ɗan siriri, mai arha, mai shiga aljihu, wanda za a kunna a bayan gida a gama da shi cikin minti biyar.

Kamfanin British American Tobacco, wanda aka kafa a 1902, ya fara da shigo da sigari Nijeriya daga waje, daga baya ya gina masana'anta a Ibadan a 1937. Yaƙin Duniya na Biyu ya taimaka masa, don sigari na cikin abin da ake raba wa sojan Ingila, kuma 'yan mazan jiyanmu da suka komo daga Bama sun komo da kaki da labarai da kuma hayaƙi a baki. A 1951 aka kafa Kamfanin Taba na Nijeriya, NTC, a 1959 kuma ya buɗe masana'anta a Zariya. Manoma a ƙasar Zazzau da fadamun ƙasar Sakkwato suka shiga noma masa ganye, yana ba su iri da taki, yana saye. Dattawa har yanzu suna tuna mai basukur da mai zobe, sunayen da Bahaushe ya laƙa wa sigari daga hoton da ke jikin kwali. A shekarun 1970 kuma wata hanya ta buɗe ta arewa, inda manyan 'yan kasuwar Maraɗi ke shigo da sigarin waje su tsallako da shi iyaka.

To amma a ganina duk wannan bai kai wani ƙaramin abu ɓarna ba, wato buɗe kwali a sayar kara-kara. Kwali guda kuɗi ne, yaro ba shi da su, in ma ya saya ina zai ɓoye? Kara ɗaya kuwa canjin aike ya ishe shi. A teburi guda ake jera shi da alawa da cingam da biskit, a ƙofar makaranta, a tasha, a bakin silima, mai teburin ma ga ashana ko leta a ɗaure da zare don kada a sha wahala. In an gama a sayi alawa mai sanyi a kashe wari kafin a shiga gida. Babu kwali a hannu, saboda haka ko an rubuta gargaɗi a jikinsa yaron bai gani ba. Wannan ciniki bai bar shaida ba, kuma shi ya sa iyaye da yawa ba sa sani sai abu ya yi shekara biyu ko uku.

Ita ƙwaya ta wata ƙofa ta shigo, ƙofar aiki. An fara haɗa sinadarin amfetamin a Jamus a 1887, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus da na Ingila da Amurka da Japan duk an ba su ire-irensa don kada su yi barci. Da ya iso nan, Bahaushe ya raɗa masa suna a-ji-garau, kuma sunan ya faɗi komai. Ba 'yan iska ne suka fara rungumarsa ba. Manoma ne a tsakiyar damina, da 'yan ƙwadago, da direbobin manyan motoci, da 'yan dako. Akwai ma masu gona da kan ba 'yan ƙwadagonsu don aiki ya yi sauri. Tun a 1968 gwamnatin soja ta yi dokar taƙaita amfetamin, a 1971 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin yarjejeniyar magungunan da ke taɓa hankali, amma 'yan tallan magani a kasuwannin ƙauye ba su daina ba. Yaro da ya ga wansa ya haɗiyi ƙwaya ya nome kadada bai tsaya ba, me za ka gaya masa? A makarantun kwana kuma wani salo ya fito na daren jarrabawa: goro, da kofi mai kauri kamar kunu, da ƙwayar hana barci. Daga baya, da acaɓa ta cika Kano, gadagi ya samu kasuwa a wajen masu son su wuni a kan babur. Yau kuma ga lemon gwangwani na ƙarin kuzari a hannun 'yan sakandare, ga kuma wanda ya fi su duka muni, methamfetamin da ake kira ais, wanda hukumar NDLEA ta gano ɗakin farko na dafa shi a Legas a 2011.

Sai dai a yi hattara da cakuɗa abubuwa. Kodin da tiramol da roci, waɗanda suka fi yin suna a Arewa, musamman bayan rahoton BBC na 2018 da ya sa gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin, ba dangin a-ji-garau ba ne. Kodin da roci kwantar da jiki suke yi, tiramol kuma maganin ciwo ne ɗan gidan su kodin, ko da yake 'yan ƙwadago na shan sa don kada su ji gajiya. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, Jihar Kano kuma kashi 16 cikin 100. Wani abin lura shi ne, taba ba ta cikin wannan lissafi, alhali sau da yawa ita ce ƙofar farko.

Me ya sa shekarun farawa ke da muhimmanci haka? Tun 1950 masanan Ingila biyu, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da ciwon dajin huhu, a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar, a 1988 kuma ofishinsa ya bayyana cewa nikotin na kama mutum kamar yadda hodar iblis ke yi. Amma abin da aka ƙara fahimta daga baya shi ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen da ke zuwa ƙarshe shi ne na gaban goshi, mai taka birki da auna sakamako. Nikotin na sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin jin daɗi da ake kira dofamin, ita kuma sai ta ƙara yawan wuraren karɓar nikotin, har ta kai in babu shi ba ta zauna lafiya. A wajen matashi wannan na faruwa da sauri, wani ma tun bai kai ga sha kullum ba. A Amurka, inda aka fi bin diddigi, kusan 9 cikin 10 na manyan mashaya sun fara ne kafin su wuce shekara 18. Ma'ana, wanda ya tsallake ƙuruciya bai taɓa ba, da wuya ya fara. Kamfanoni sun san wannan lissafi sarai, kamar yadda takardunsu na cikin gida da shari'o'in Amurka suka tono a shekarun 1990 suka nuna.

Ciwon daji da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki sukan jira shekara 20 ko 30, shi ya sa wa'azinsu ba ya shiga kunnen ɗan shekara 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma tana iya kashe rabin masu shan ta da ba su daina ba, amma shi yaro gani yake wannan zancen tsofaffi ne. Ita ƙwayar kuzari ba ta da wannan haƙuri. Tana hana barci da cin abinci, tana tayar da bugun zuciya da hawan jini, in an yawaita kuma takan kai ga zargin kowa da jin muryoyi, abin da a gida sai a ce iska ce ko sammu. In ta sake shi kuma sai baƙin ciki da kasala su rufe shi, ya koma neman wata.

Hukuma ba ta yi shiru ba, sai dai tafiyarta ta hawainiya ce. A 1990, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti na ministan lafiya, aka yi Doka ta 20 wadda ta hana shan taba a wasu wuraren jama'a ta kuma tilasta rubuta gargaɗi. Amma a cikin waɗannan shekaru ne kamfanonin sigari ke ɗaukar nauyin manyan bukukuwan kiɗa da matasa ke cika. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta yi maraba da jarin dala miliyan 150 na sabuwar masana'antar sigari a Ibadan, wadda aka buɗe a 2003, a 2005 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba. Hannun dama na ginawa, na hagu na sa hannu a rushe. A 2007 jihohin Legas da Kano da Gombe, sannan gwamnatin tarayya, suka kai kamfanonin ƙara kotu, kuma babban zargin shi ne jawo ƙananan yara. Sai a 2015 aka sami cikakkiyar doka wadda ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. A ƙarshen 2023 hukumar kare masu saye ta tarayya ta ci British American Tobacco tarar dala miliyan 110. Duk da haka, wanda ke shakkar inda aka kwana ya tsaya gaban teburin unguwarsu bayan sallar isha ya ga ko kwali ake saye.

Kafin ma a gama da kara ɗaya, abin ya sake kama. Shisha ta zo da ƙamshin tuffa da na'ana'a, ta shiga inda sigari bai taɓa shiga ba, wato ɗakunan 'yan mata, da ƙaryar cewa ruwa na tace dafin. Tun 2005 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa guda na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye. Sai kuma sigarin lantarki, wanda wani mai haɗa magunguna ɗan Sin, Hon Lik, ya ƙera a 2003. Shi ba toka, ba warin taba, wani ma kamar biro yake. Alamomin nan da marubutanmu suka dogara da su, baƙin leɓe da warin riga, duk ba ya barin su.

Ta fuskar magani kuwa, tarihinmu akwai ɗaci. Da yake mun ɗauki abin a matsayin taurin kai zalla, sai muka nemi maganin taurin kai: duka, kora daga gida, ko gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo baya aka ga irinsa a Daura da Katsina. Ba na zargin iyayen da suka kai 'ya'yansu, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna da Ƙware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano sun yi kaɗan ga yawan jama'a, ga kunyar a ce ɗanka na asibitin mahaukata. Amma sarƙa ba ta gyara abin da ya sauya a ƙwaƙwalwa. Abin mamaki, a ƙasar nan ne Farfesa Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954, inda marar lafiya ke zama a ƙauye tare da ɗan'uwansa yana zuwa asibiti, har duniya ta zo koyo.

Abin da likitoci suka sani a yau shi ne, wahalar barin taba, wato fushi da rashin barci da kasa tattara hankali, ta fi tsanani a kwana ukun farko zuwa mako guda, sannan ta yi ta raguwa cikin mako uku zuwa huɗu, ko da yake kwaɗayin kan riƙa leƙowa har watanni. Ga manya akwai cingam da filastar nikotin da ake rage ƙarfinsu sannu a hankali, da ƙwayoyi irin su bareniklin da bufurofiyon. A wajen matasa waɗannan ba su nuna ƙarfi kamar a manya ba, kuma ba a ba su sai da likita. Abin da ya fi aiki a kansu shi ne zama da mai ba da shawara a kai a kai, sa ranar dainawa, sauya majalisa, da sa iyaye cikin maganar. Su ƙwayoyin kuzari har yau babu wani magani da aka amince da shi na cire kwaɗayinsu. Ana kwantar da ruɗewar in ta taso, a gyara barci da abinci, sannan a bi da horon sauya ɗabi'a, har da tsarin ba da 'yar kyauta duk lokacin da gwajin fitsari ya fito tsaf, wanda bincike ya nuna yana cikin mafi inganci. Komawa ruwa bayan an daina kuwa abu ne da likita ke sa ran gani, don yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da dama. Cikin tambayoyin farko da zai yi wa yaro akwai: in ka tashi da safe, minti nawa kake yi kafin ka kunna na farko? In amsar ba ta kai rabin awa ba, ya san kamun ya yi nisa, kuma da wannan zai auna irin taimakon da za a fara da shi.